Labarin Tsohon Sisin Amurka Da Masu Tara Shi

A cikin watan Agusta na shekarar 2018 aka yi wani gwanjo a birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka, aka fito da ƙwayar kuɗi guda ɗaya tak, nauyinta giram 5, ba zinariya ba ce, ba kuwa azurfa ba. Aka yi ta tayi har aka sallama ta a kan dala 4,560,000. Abin da aka rubuta a jikinta kuwa santi biyar ne, kuɗin da a yau ko alewa ba ya saya wa yaro a can.

Irin wannan labari shi ke yawo a wayoyin hannu, ya shiga rumfa ya shiga zaure, har mutum ya tuna da wani gwangwani da kakansa ya bari cike da tsofaffin kuɗi, ya kama lissafin gida da mota. Wani kuma dillali ne zai zo masa da tsohon kuɗin Turawa a ƙunshe cikin tsumma, ya ce masa arziki ne ya yi kira. Labarin gwanjon gaskiya ne. Amma wanda ya ɗauka tsufa ne ya kai sisin nan wannan kima, to, ya kama hanyar hasarar uwar kuɗinsa, gama sisi masu tsufa kamarsa, da waɗanda suka girme shi, suna nan jibge a kantunan dillalai ana sayad da su a kan 'yan daloli.

Dalar Amurka santi 100 ce. Santi biyar ke nan kashi ɗaya ne cikin ashirin na dala, daidai da matsayin kwabo biyar ga naira, wanda aka ci gaba da kira sisi bayan canjin kuɗi na 1973. Saboda haka sisi za a kira shi a nan. Su mutanen Amurka nikel su ke ce masa, da sunan wani farin ƙarfe mai tauri da a ke haɗa shi da shi.

Da fari sisin nasu na azurfa ne, ɗan mitsitsi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar daga 1861 zuwa 1865, sai mutane suka ɓoye zinariya da azurfa don tsoron abin da gobe za ta haifa, canji ya ɓace a kasuwa, ala tilas gwamnati ta shiga buga 'yan ƙananan takardun kuɗi. Wani babban ma'aikacin baitulmali mai suna Spencer Clark ya ɗauki hoton kansa ya sa a takardar santi biyar. Majalisa ta fusata, ta hana a ƙara sa hoton mai rai a takardar kuɗi. Akwai kuma wani attajiri, Joseph Wharton, mai haƙar ƙarfen nikel, wanda ya daɗe yana neman mai saye, yana kuwa da masu jin maganarsa a Majalisa. A watan Mayu na 1866 aka yi dokar ƙera sisi da jan ƙarfe kashi 75 cikin ɗari da nikel kashi 25. Haɗin ke nan har yau, in banda 'yan shekarun yaƙi da bayaninsu zai zo.

Mas'alar farko da masu tara kuɗi su ke kafa hujja da ita ta faru a 1883. A shekarar aka sake fasalin sisi. Aka sa kan wata mace da su ke kira Libati, watau alamar 'yanci, a bayansa kuma aka sa babban harafin V, wanda a lissafin Rumawa ya ke nufin biyar. Amma ba a rubuta biyar ɗin mene ne ba, santi ne ko dala. Ga shi kuwa faɗinsa ya yi kusa ƙwarai da na tsabar zinariya ta dala biyar, ita ma da kan mace a fuskarta. Mazambata ba su yi barci ba. Suka riƙa shafa masa ruwan zinariya, waɗansu har su yi masa zane a gefe irin na kuɗin zinariya, su shiga kantin ƙauye su sayi abin santi biyar, a ba su canjin dala huɗu da santi 95. Akwai wata hikaya da a ke yawan bayarwa, ta wani bebe da aka kai gaban alƙali a kan wannan, aka rasa abin kama shi, don bai taɓa buɗe baki ya ce kuɗinsa dala biyar ba ne, miƙawa kurum ya ke yi ya karɓi abin da aka ba shi. Hikaya ce dai, amma zambar an yi ta.

Cikin 'yan watanni maƙerar gwamnati ta gyara, ta ƙara kalmar santi a ƙarƙashin harafin. Nan da nan jita-jita ta bazu cewa za a janye na farkon, sai kowa ya samu ya ɓoye, yana cewa wata rana zai zama dukiya. Wanda ba shi da kalmar an ƙera wajen miliyan biyar da rabi, mai kalmar kuwa wajen miliyan 16 a wannan shekara. A lissafin kasuwa na farkon ya kamata ya fi tsada, tun da shi ne kaɗan, kuma shi ne mai labari. Amma yau mai kalmar ya ninka shi kuɗi sau biyu ko fiye. Dalili kuwa a fili ya ke: wancan kowa ya adana shi, ya iso ga jikoki sabo ful, wannan kuwa ba wanda ya kula shi, aka yi ta kashe shi har ya suɗe ya ɓace. Ashe ba yawan abin da aka ƙera a ke dubawa kaɗai ba, a kan duba yawan abin da ya tsira.

An maimaita wannan karatu bayan shekara sittin da bakwai, kuma a wannan karo 'yan kasuwa ne suka ji jiki. Amurka tana da maƙera fiye da ɗaya, ana gane aikin kowace da ɗan harafi: D ta birnin Denba, S ta San Faransisko, ta Filadelfiya kuwa da can ba ta sa kome. A 1950 maƙerar Denba ta ƙera sisi 2,630,030 kacal, mafi ƙaranci ke nan a duk irin sisin da ke yawo mai hoton shugaba Jefferson. Labari ya fita tun kuɗin ba su bar banki ba. Dillalai suka saye su buhu buhu suka kulle. Farashi ya yi ta hawa, masu ajiya suna saye daga hannun masu ajiya, kowa yana jiran wanda zai saya a hannunsa da tsada, har zuwa wajen 1964. Daga nan kasuwar ta faɗi. Da aka buɗe rumbuna sai aka ga kusan kowane mai tara kuɗi zai samu nasa sabo, har a bar saura. Waɗanda suka saya a ƙarshen hawan sun mutu ba su mai da kuɗinsu ba, in an yi la'akari da faɗuwar darajar dala. Yau sabon sisin Denba na 1950 ya fi wanda ya sha hannu sauƙin samu. Duk falken da ya taɓa kulle hatsi a shekarar da kowa ya kulle, ya san yadda a kan ƙare.

Dattawan da suka yi ciniki da kwabo mai huji suna da misalin wannan a gida. Sarkin Ingila Edward na takwas ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na 1936 tun ba a fid da kuɗi da sunansa a Ingila ba, amma an riga an ƙera kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma da sunansa a jiki. Wanda ya ji haka zai ce abin ya zama nadiri. Alhali kuwa miliyoyi aka ƙera, mutane kuma suka adana saboda labarin, har yau galibinsu araha ne a wurin dillalan tsofaffin kuɗi.

Waɗanda su ke da tsada na haƙiƙa cikin sisin Amurka su ne na shekarun da aka ƙera kaɗan ba tare da kowa ya farga ba. Na 1885, wanda bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, ko ya suɗe yana yin ɗaruruwan daloli. Na San Faransisko na 1912 guda 238,000 ne kurum. Na 1880 da aka fitar don kasuwa 16,000 ne. A ɗaya gefen kuma ga na 1964, wanda ya haura shekara sittin a duniya, an ƙera shi fiye da miliyan 2,800. In ya sha hannu, kimarsa santi biyar ce, ba ƙari.

Sai maganar lafiyar jikin kuɗin, kuma a nan ne masu gado su kan cuci kansu da hannunsu. Daga 1913 zuwa 1938 an ƙera wani sisi da mutanen Amurka su ke ƙauna fiye da saura, aikin wani gwanin sassaƙa, James Earle Fraser. A fuskarsa akwai kan wani dattijo daga mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka tarar, a bayansa kuma ɓaunar dajin Amurka. Kyau kam yana da shi, amma an sa shekarar a kafaɗar dattijon, wurin da ya fi tudu, sai ya zama ita ce ke fara gogewa. Miliyoyinsu suna nan ba shekara, irin waɗannan kuwa da wuya su kai dala guda, maƙeran kayan ado su ke saye su yi maɓalli da zobe. Akwai wani ruwan magani da a kan ɗiga a wurin, shekarar ta sake fitowa dishi-dishi, amma ya kan bar tabo wanda masani zai gane da kallo ɗaya, ya rage kuɗin ƙwarai.

Masu wannan sana'a suna da ma'auni mai daraja 70, wanda wani likita, William Sheldon, ya tsara a 1949. Daraja ta 1 ita ce kuɗin da da ƙyar a ke gane shi, ta 70 kuwa wanda ko da gilashin ƙara girma ba a ganin aibi a jikinsa. Daga 60 zuwa sama su ne waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba. Tun daga 1986 aka samu kamfanonin da aikinsu ke nan, a aika musu da kuɗi su duba, su yanke masa daraja, su rufe shi cikin ɗan akwatin roba mai lamba. Sisi biyu na shekara ɗaya da maƙera ɗaya, wani a daraja ta 4 wani a ta 66, tsakaninsu sai a yi ninki ɗari ko fiye. A kan sisin Jefferson, wanda aka fara a 1938, har matakalar gidan da ke bayansa su ke ƙirgawa, in biyar ko shida sun fito sarai, kuɗi ya ƙaru. Babban abin da ke kashe kima shi ne wanki. Mutum ya ga kuɗi ya yi duhu, ya samu toka ko lemun tsami ya dirje shi har ya yi ƙyalli, yana ganin gyara ya yi. A wurin masu saye ya kankare fatar da maƙera ta yi masa, ba ta kuwa dawowa. Duhun nan na shekaru shi ne shaidar ba a taɓa shi ba.

Wani abin mamaki, aibin da ya fito daga maƙera shi kuma ƙara kuɗi ya ke yi. A 1937 wani ma'aikaci a Denba ya ga ƙarfen hatimin da a ke buga sisi da shi ya yi rauni, ya goge shi don ya gyara, ya wuce gona da iri har ya shafe ƙafar gaba ta dama ta ɓaunar, kofato kaɗai ya rage a ƙasa. Kafin a farga dubbai sun fita. Ɓauna mai ƙafa uku yau tana yin ɗaruruwan daloli ko ta suɗe, sabuwa kuwa dubbai. Da mazambata suka ji haka sai suka shiga kankare ƙafar da zarto. Amma kama da wane ba ta wane: hatimin nan guda ɗaya ne, ya kuma bar waɗansu alamu nasa, ƙafar baya ta fito kamar gara ta ci ta, da wasu ɗige-ɗige a ƙarƙashin cikin dabbar, waɗanda zarto ba ya iya kawowa.

Sisin da ya ke da kima a ƙarfensa iri ɗaya ne. A zamanin yaƙin Hitila ana bukatar nikel don kayan yaƙi, sai daga ƙarshen 1942 zuwa 1945 aka cire shi, aka sa azurfa kashi 35 cikin ɗari, watau giram ɗaya da rubu'i uku a kowace ƙwaya. Ana gane su da babban harafi, P ko D ko S, a bisa ƙubbar gidan da ke baya. Kuɗinsu yana bin farashin azurfa, ya hau in ta hau. Harafin nan ne ya tona asirin wani mutum, Francis Henning, na jihar New Jersey, wanda ya kafa injinsa a ɓoye ya ƙera sisin jabu dubu ɗaruruwa. Ya sa wa waɗansu shekarar 1944 ya manta da harafin. Masu tara kuɗi suka fara lura, aka kama shi a 1955 aka ɗaure. Yau jabun nasa ma ana neman su, sun fi na gaskiya na shekarar tsada nesa ba kusa ba.

To, sai sisin da aka fara magana da shi. A ƙarshen 1912 hukuma ta ba da umurni kada a ƙara buga mai kan Libati, don mai ɓauna zai maye gurbinsa. A littattafan maƙera ba a rubuta ko guda ɗaya mai kan Libati da shekarar 1913 ba. Sai a watan Disamba na 1919 wani Samuel Brown, wanda ya yi aiki a maƙerar Filadelfiya har zuwa 1913, ya sa talla a mujallar masu tara kuɗi cewa zai sayi irin wannan sisi a kan dala 500. A 1920 sai ga shi da shi a taronsu na birnin Shikago. Ba a jima ba aka san guda biyar ne, duka kuwa ta hannunsa suka fito. Zargi ya fi faɗawa kansa, cewa a ɓoye aka buga su yana ma'aikaci, tallar kuwa sutura ce, don a ce saye ya yi. Mafi tsadar sisi a duniya ke nan, asalinsa bai da tsarki.

Wanda ya yayata sunansa wani dillali ne na jihar Texas, B. Max Mehl. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya game Amurka, ya riƙa talla a jaridu da rediyo cewa zai biya dala 50 ga duk wanda ya kawo masa guda. Ya san sarai ba wanda zai samu a aljihu, gama duka biyar ɗin suna hannun wani hamshaƙi, Kanar Green. Abin da ya ke nema a sayi littafinsa na farashin tsofaffin kuɗi, aka kuwa yi ta saye. An ce har masu karɓar kuɗi a jiragen cikin gari su kan tsai da layi suna duba sisi. Shi ya ci riba, jama'a suka sha dubawa.

Bayan rasuwar Green a 1936 aka rarraba su. Tun daga nan kowane guda yana da silsilarsa, wane ya karɓa daga wane, a wace shekara, a kan nawa, kamar yadda malamai su ke kiyaye isnadi, kuma wannan silsila rabin kuɗin ce. Sarki Faruku na Masar ya mallaki guda. Bayan an tuɓe shi a 1952 aka yi gwanjon kayansa a Alƙahira a 1954, sisin ya koma Amurka, yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Wani mai suna McDermott a aljihu ya ke yawo da nasa yana nuna wa mutane har ya ɗan suɗe, shi ma yana gidan tarihi a jihar Kolorado. Na uku shi ne kuɗi na farko da aka saya dala 100,000, a 1972. An sayad da shi dala 3,737,500 a 2010, aka sake sayarwa a 2014 a kan 3,290,000, watau ko a nan akwai faɗuwa. Na huɗu, mafi lafiyar jiki, shi ya fara haura dala miliyan ɗaya a 1996, shi ne kuma na gwanjon 2018. Guda biyar ne, an san inda kowane ya ke. Duk wanda aka kawo wa na shida a tsumma, 1903 ne ko 1910 ko 1912 aka gyara wa lamba, in ma ba zubin jiya ba ne.

Na biyar ɗin ya shiga hannun George Walton a 1945. Ran 9 ga watan Maris na 1962 yana kan hanyar zuwa wani taron masu tara kuɗi a jihar Karolaina ta Arewa, ya yi haɗarin mota ya rasu. Aka tsinto kuɗaɗensa a wurin, har da sisin. Magada suka kai kayan wani gidan gwanjo a New York, masanan gidan suka duba suka ce wannan kam gyararre ne, suka mayar. Wata 'yar'uwarsa ta sa shi a ambulan, ta rubuta a baya cewa ba na gaske ba ne, ta ajiye a ɗakinta a jihar Bajiniya. Ba ta yar ba, ba ta kuwa goge shi ba. Ta rasu a 1992 a kan wannan sani. Masu tara kuɗi kuwa suka yi shekara arba'in suna cigiyar na biyar, waɗansu suna cewa yana nan binne a gefen hanyar da aka yi haɗarin.

A 2003 aka shirya za a haɗa sauran huɗun a wani babban taro a birnin Baltimo, wani kamfanin gwanjo kuma ya yi shela cewa zai biya aƙalla dala miliyan ɗaya ga wanda ya kawo na biyar. Labari ya kai ga 'ya'yan matar, suka ɗauko ambulan suka tafi. Da tsakar dare aka shiga wani ɗaki, masana shida suka jera shi kusa da 'yan'uwansa huɗu, abin da masanan farko ba su samu yi ba, suka duba lamba da lamba, suka haɗu a kan shi ne. Magadan ba su yi gaggawar sayarwa ba, suka ba gidan tarihi aronsa shekara goma. A watan Afrilu na 2013 suka kai shi gwanjo aka saya dala 3,172,500, a 2022 kuma ya sake canja hannu a kan dala miliyan huɗu da dubu ɗari biyu.